Batura ne suka mutu, ko kwantirola ce ke barin su da yunwa?

Wasiƙar da ta zo mana wannan makon daga wani magidanci ce. Ga abin da ya ce, a taƙaice:

"Malam, wutar layi ba ta iso inda muke ba, shi ya sa muka haɗa sola watanni 14 da suka wuce. Yayana ne ya haɗa da hannunsa, ko sisi bai karɓa ba. Fanel 2 ne masu wat 300 kowanne, batir 2 masu ruwa na bolt 12, kowanne amf-awa 200, infata ta bolt 12, da kwantirola PWM mai amf 30. Da farko muna kunna fanka 2, talabijin da ƙwayayen wuta 5, wuta tana kai mu asuba da kyar. Bayan wata 6 muka ƙara ɗan ƙaramin firji. Yanzu kafin ƙarfe 1 na dare infata ta fara kuka ta ɗauke. Yaya ya ce batura ne marasa inganci, in sayi sababbi. Wani abokin aikina ya ce kwantirola ce, in sayi MPPT. Da na gaya wa Yaya sai ya ce kwantirola duk ɗaya ce, tsada kawai ake ɗora wa mutane. Kuɗin da ke hannuna na abu ɗaya ne, ko batura ko kwantirola. Ga hoton takardar da ke bayan fanel na haɗo. Kuma gaskiya ina jin nauyin in nuna wa Yaya ya yi kuskure."

Ɗan'uwa, kada ka sayi batura tukuna. Hoton nan da ka haɗo shi ya raba gardama, kuma ka kyauta da ka aiko shi, don yawancin masu rubuto mana wat kawai suke faɗa, su bar sauran lambobin. A takardar an rubuta Vmp 32, Imp 9.4, Voc 39, Isc 9.9. Lambar farko, Vmp, wato bolt ɗin da fanel ya fi ba da ƙarfi a kansa, ita ce mai laifi, ko in ce haɗa ta da irin kwantirolar da kake da ita, wato na'urar da ke tsakanin fanel da batir tana kula da caji. Idan ka kawo sababbin batura ka bar haɗin yadda yake, an bar jaki ke nan ana dukan taiki, kuma baɗi war haka za ka sake rubuto mini wasiƙa irin wannan.

Bari in bi da kai a hankali. Wat da ake kwatanta ƙarfin fanel da shi, bolt ne aka ninka da amf. Fanel ɗinka yana ba da wat 300 ne idan an bar shi ya yi aiki a kan bolt 32 yana turo amf 9.4. Ka ninka ka gani, 300 zai ba ka. To ita PWM ba ta da wata dabara ta canza bolt. Aikinta na mai gadi ne: ta buɗe ƙofa tsakanin fanel da batir, ta rufe, ta buɗe, ta rufe, da sauri ƙwarai. Idan batir yana da yunwa sai ta bar ƙofa a wangale, idan ya kusa cika sai ta riƙa rage tsawon buɗewar. Duk lokacin da ƙofar take buɗe, fanel da batir waya ɗaya suke, kuma batir ne ke da iko. Sai ya janyo fanel daga bolt 32 ya sauko da shi wajen 13 ko 14. Amf kuwa ba ya ƙaruwa sai ɗan abin da ba a rasa ba, don rana ce ke yanke yawansa. Fanel biyunka da aka haɗa kafaɗa da kafaɗa, wanda masu aikin ke kira faralal, suna turo amf 19. Ninka 19 da 13.5, za ka sami wat 256 da 'yan kai. Ka biya kuɗin wat 600, abin da ke shiga batir bai kai rabi ba.

Wasu suna cewa wai PWM tana ƙona ragowar ta zama zafi. Ba haka ba ne. Ragowar ba a ma samar da ita ba, fanel ɗin ne aka hana shi tsayawa inda yake da ƙarfi.

MPPT kuma ɗan canji ce. Tana barin fanel ya tsaya a kan bolt ɗin da ya fi ba da ƙarfi, tana ta lalube tana gyarawa yayin da rana ke hawa da sauka ko girgije ya gifta, sannan ta karɓi wannan wuta mai bolt da yawa ta canza ta zuwa bolt ɗin batir. Abin da aka rage na bolt sai ya dawo a matsayin amf. Ladan canjinta kaɗan ne, masu kyau ba sa cin fiye da kashi 2 zuwa 5 cikin 100. Kada ka sa ran wat 600 cif, don an auna lambar ne a ɗakin gwaji, fanel yana da sanyin digiri 25, alhali a kan rufi da tsakar rana yakan haura digiri 55 ko 60, ƙarfinsa ya ragu. A ce ka sami wat 470 zuwa 480. Raba da 13.5, amf 34 ko 35 ke nan suna shiga batir a daidai lokacin da PWM ke ba ka 19. Fanel ɗin nan dai, rufin nan dai, ranar nan dai.

Yanzu duba lissafin gidanka. Mu ƙaddara kana samun kwatankwacin awa 5 na cikakkiyar rana. PWM za ta zuba maka amf-awa 95 a yini, wato amf 19 sau awa 5. Fanka 2, talabijin da ƙwayaye 5, idan aka haɗa da abin da infata ke ci wa kanta, sukan kwashe tsakanin 90 da 100. Ka ga tun farko kunnen doki ake yi, abin da ya shiga shi ke fita, shi ya sa ka ce wuta tana kai ku asuba da kyar. Da firji ya shigo sai buƙata ta tashi wajen 140 ko 150, shigar kuwa tana nan a 95. Kullum batura suna kwana da bashi. Batir mai ruwa kuma ba ya yafe wannan. Yana son a mayar masa da fiye da abin da aka ɗiba, yana son ya cika taf akai-akai, kuma ba ya son a riƙa zuƙe shi ƙasa da rabi. Idan ya daɗe bai cika ba, wani farin gishiri yakan taru ya daskare a jikin farantan darmar da ke cikinsa, ya toshe wurin da caji ke zama. Batir mai amf-awa 200 sai ya koma yana riƙe 100 ko ƙasa da haka. Saboda haka Yayanka bai yi ƙarya ba da ya ce batura sun yi rauni. Sun yi. Amma ba haka aka sayo su ba, yunwa ce ta kai su nan.

Akwai kuma inda maganarsa take da gindi, kuma ina so ka san wannan kafin ka je wurinsa. Shekaru da yawa fanel ɗin da ake samu ƙanana ne masu gida 36, wato 'yan murabba'an nan da ake gani jere a fuskar fanel, waɗanda ake kira fanel na bolt 12. Su Vmp ɗinsu wajen 18 ne. Idan rana ta gasa su ya sauko wajen 15 ko 16, batir kuma yana neman 14 da ɗoriya, ka ga tazarar ba ta taka kara ta karya ba. A irin wannan haɗi, ribar MPPT kaɗan ce, musamman a wuri mai zafi, kuma PWM ta fi sauƙin kuɗi, kayan cikinta ba su da yawa, ba ta cika lalacewa ba. Mutum mai fanel ɗaya na wat 100 da batir ɗaya, yana kunna ƙwai yana cajin waya, ni da kaina PWM zan ce ya saya, ya ajiye canjinsa. Ina kyautata zaton da irin waɗannan Yayanka ya koyi aiki, kuma a can gaskiya ce cewa bambancin bai cancanci kuɗinsa ba. Abin da ya sauya shi ne fanel. Naka mai gida 60 ne, irin da aka ƙera don manyan haɗi, ba don a jona shi kai tsaye da batir na bolt 12 ba. Manyan na yanzu masu wat 500 da wani abu ma, da yawansu Vmp ɗinsu ya haura 40. Duk wanda ya sa irin wannan a kan PWM da batir na bolt 12, kusan kashi biyu cikin uku ya bari a kan rufi.

Wani zai iya ce maka ka haɗa batura biyun a sarƙa su zama bolt 24, ka ci gaba da PWM ɗinka. A takarda abin yana da kyau, don 32 ya fi kusa da 28. Amma ba na ba ka wannan shawara. Na ɗaya, infatarka ta bolt 12 ce, sai ka sayi wata. Na biyu, fanel mai gida 60 idan ya yi zafi yakan sauko wajen bolt 28, batir na 24 kuwa yana buƙatar kusan 28.8 kafin ya cika, sai ka tarar a daidai ƙarshen caji ƙarfin ya gaza. Mai gida 72 ne ya dace da wannan, ba naka ba.

To wace MPPT za ka saya? Lamba biyu ake dubawa, kuma kamfanoni da yawa suna rubuta su a jikin sunan na'urar. Victron, alal misali, suna rubuta 100/30 ko 100/50. Ta farko ita ce iyakar bolt da za ta iya ɗauka daga fanel, ta biyu iyakar amf da za ta iya zuba wa batir. Ta biyun lissafinta da sauƙi: raba wat ɗin fanel da bolt na caji, 600 raba 14 ya ba da kusan 43. Mai amf 50 ta ishe ka har da sarari. Mai 40 ma za ta yi, don MPPT ta gaskiya idan wuta ta fi ƙarfinta takan tsaya a iyakarta ne kawai, sai dai ka yi asarar ɗan abu kaɗan a ranakun da rana ta yi kyau sosai. Kada ka ce ai tsohuwar mai amf 30 ce, bari in nemi mai 30. Wannan 30 ta ishi PWM ne saboda amf 19 kawai take gani.

Lambar farko kuwa ba a wasa da ita. Nan ba Vmp ake dubawa ba, Voc ake dubawa, wato bolt ɗin fanel lokacin da ba a jan komai daga gare shi. Naka 39 ne. Idan ka haɗa biyu a sarƙa, jan wannan da baƙin wancan, wanda ake kira siris, sun zama 78. Sannan ka tuna sanyi yana ɗaga bolt, kusan kashi 0.3 cikin 100 a kan kowane digiri ƙasa da 25. Da sanyin safiya mai tsanani, rana ta fara haskawa fanel bai ɗumama ba, 78 na iya zama 83 ko 84. Har yanzu kana ƙasa da 100, babu damuwa. Amma ranar da kuɗi suka samu ka ƙaro fanel na uku ka jona shi a sarƙar, ka kai 117, kwantirola mai iyakar 100 ta tafi ke nan, kuma ba gyara ake yi ba. Idan kana da niyyar ƙari nan gaba, nemi mai 150 tun yanzu.

Sarƙa ko kafaɗa da kafaɗa, duk biyun za su yi aiki da MPPT a wurinka, tunda 32 ya riga ya yi wa 14 nisa. Na fi son sarƙa idan wayar da ta sauko daga rufi tana da tsawo, don amf ya ragu daga 19 zuwa 9.4, kuma idan amf ya ragu da rabi asarar da ake yi a waya takan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Sai dai idan akwai bishiya ko tankin ruwa da inuwarsa ke faɗa wa fanel ɗaya a wani lokaci na yini, bar su kafaɗa da kafaɗa, kada mai inuwa ya riƙa jan ƙafar ɗan'uwansa.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe ido. Kasuwa cike take da kwantirola da aka rubuta wa MPPT da manyan baƙaƙe, cikinta kuwa PWM ce. Na taɓa faɗawa. Na yi odar wata don ganin araha, an rubuta amf 60 a kwalinta, da ta iso na ɗaga na ji kamar kwalin babu komai. Na kwance sukurori huɗu na bayanta, sai ga ɗan allo guda bai fi tafin hannu ba, da 'yan tiransisto a manne da marfin ƙarfe. Babu naɗin waya ko ɗaya. MPPT ta gaskiya dole ta kasance da wani zobe mai kauri da aka nannaɗe da jar waya, da manyan kafasito, da ƙarfen sanyaya mai haƙora a bayanta, don da su ake canjin. Shi ya sa take da nauyi. Kafin ka biya, ɗauke ta a hannu. Duba ko an rubuta iyakar bolt na fanel. Idan ka ga an ce 50 ko ƙasa da haka, ga ramukan cajin waya a gaba, ga kuɗinta bai fi na PWM da komai ba, ajiye ta. Gwajin da ba ya ƙarya kuwa sai an haɗa: da hantsi, batir yana da yunwa, ka auna bolt a bakin shigar fanel da bakin batir. Ta gaskiya za ta nuna maka wajen 30 ko 60 a shiga, gwargwadon haɗinka, da 13 a fita, kuma amf na fita ya fi na shiga. Idan lambobin biyu kusan ɗaya ne, an sayar maka da mai gadi a rigar ɗan canji. Ka yi sharaɗi da mai sayarwa tun farko cewa za ka dawo da ita idan ta faɗi wannan gwaji.

Ka zaɓi wadda za ka iya saita mata irin batir da hannu. Naka mai ruwa yana son a kai shi wajen 14.4 zuwa 14.8 a riƙe shi nan na wasu awanni, sannan a sauko wajen 13.5 zuwa 13.8, amma takardar kamfanin batir ita ce alƙali. Idan tana da ɗan wayar auna zafi da ake manna wa batir, sa shi, don batir mai ruwa idan ya yi zafi yana buƙatar a rage masa bolt. Wata rana idan ka koma litiyam, saitin daban ne, ba a yi masa cajin daidaitawa, wato ɗaga bolt sama da na kullum da ake yi wa batir mai ruwa jefi-jefi don gidajen cikinsa su daidaita, kuma kwantirolar da ba ta saituwa sai ka sake sayen wata.

Wajen haɗawa, batir ake fara jonawa sannan fanel, don da batir take gane ko 12 ne ko 24. Wajen cirewa fanel ake fara cirewa. Wayar da ke tsakanin kwantirola da batir yanzu za ta ɗauki amf 40 ko fiye, tsohuwar ba lallai ta isa ba. Sa mai kauri, irin mai murabba'in milimita 16, gajera, da fiyus kusa da kan batir, da bireka ta wutar sola a ɓangaren fanel. Infata kuma kai tsaye a kan batir take zama da nata fiyus, ba a bakin kwantirola mai hoton ƙwai ba.

Maganar Yaya. Ni ban ga dalilin da zai sa ka je masa da cewa ya yi kuskure ba. Mutumin da ya hau rufi ya yi maka aiki kyauta ba a tarbarsa da lissafi a baki. Gani ya kori ji. Ka roƙe shi ya zo da mitarsa wata rana da hantsi, ka ce kana so ya nuna maka yadda ake auna fanel kafin ka kashe kuɗi a kan batura. Shi da hannunsa zai auna bakin kwantirola ya ga 13 da ɗigo. Ku rufe fanel da bargo ko ku kashe bireka, ku zare wayar, ku buɗe, ya sake aunawa ya ga 35 ko 36. Sai ka tambaye shi, Yaya ina sauran ke tafiya? Wanda ya iya haɗa sola zai gane da kansa kafin ka rufe baki, kuma shawarar sayen MPPT za ta fito daga bakinsa. Ka bar shi ya raka ka saye, shi kuma ya haɗa. Sunan abokin aikinka ma ba sai ya sake fitowa ba.

Ba zan ɓoye maka ba, sabuwar kwantirola ba za ta mayar da batura sababbi ba. Za ta ba ka wajen amf-awa 170 a yini mai kyau, buƙatarka kuma 150, ka ga rarar ba ta da yawa, ranar hadari kuma babu ita. Don haka makon farko ka kashe firji da dare, ka rage fanka ɗaya, ka bar batura su cika kwana 4 ko 5 a jere. Duba ruwansu, idan ya sauka ka ƙara tataccen ruwan batir, ba asid ba, ba na famfo ba. Bayan sun cika ka yi musu cajin daidaitawa sau ɗaya kamar yadda takardarsu ta ce, taga a buɗe, babu wuta ko sigari kusa, don iskar da suke fitarwa tana kamawa. Daga nan ka raba su, ka bar su su huta awa 4 zuwa 6 ba caji ba ja, ka auna kowanne shi kaɗai. Wanda ya nuna 12.6 ko 12.7 yana da sauran rai. Wanda ya tsaya wajen 12.3 bayan duk wannan ya ji jiki, amma zai iya lallaɓawa kafin ka tara kuɗi. Idan ɗaya ya nuna 10 da wani abu, gida ɗaya ya mutu a cikinsa, ka cire shi nan take kada ya riƙa zuƙe ɗan'uwansa, ka zauna da guda ɗaya da kaya kaɗan, ka kuma rage amf na caji a saitin kwantirola zuwa abin da batir ɗaya zai ɗauka. Kada ka sayo sabo ɗaya ka haɗa shi da tsoho.

Idan kun yi awon, ka aiko mini da lambobi huɗu: bolt na shiga, amf na fita da tsakar rana, da abin da kowane batir ya nuna bayan hutu. Da su zan gaya maka ko firjin zai iya komawa kwana a kunne, ko sai an ƙara fanel.